Firizar Jirginmu: Kundin Aiki Daga Maris Zuwa Yuni

3 ga Maris

Yau na cire murfin tsohon akwatin ƙanƙara na jirgin ruwanmu mai filafilai, na huda bangonsa daga ƙasa da ƙaramin ƙarfe don in ga abin da ke ciki. Ruwa ne ya biyo ƙarfen, baƙi, mai warin ruɓa. Soson da aka cusa tsakanin bangon ciki da na waje don tare zafi kaurinsa santimita 4 ne kacal, kuma ya sha ruwa har in ka matsa shi yana tsiyaya tsakanin yatsu.

Da niyyata in sayo inji in liƙa a wannan akwati yadda yake, in huta. Wannan niyya ta mutu yau. Mu biyu ne a jirgin, ni da maiɗakina, kuma tafiyar da muke shiryawa za ta sa mu yi makonni ba mu taka inda ake sayar da ƙanƙara ba. Abin da muke so shi ne wurin da nama da kifi za su daskare su zauna a digiri 18 ƙasa da sifili, ba wurin sanyaya ruwan sha kawai ba.

6 ga Maris

Kwana uku ina lissafi, ban taɓa ko sukudireba ba.

Firiza ba ta ƙirƙirar sanyi. Zafi take kwasowa daga cikin akwati ta zubar a waje, kamar mai kwalfe ruwa daga kwalekwale mai yoyo. Girman yoyon shi ke yanka maka yawan aikin, kuma a jirgin da ba ya jone da wutar gari, kowane ɗigo na wannan aiki daga batir yake fita. Don haka na fara da auna yoyon.

Tsohon akwatin yana cin kusan lita 160. Ko da a ce sosonsa a bushe yake, idan cikin jirgi yana digiri 30, cikin akwati kuma yana 18 ƙasa da sifili, tazarar digiri 48 ke nan, kuma zafin da zai riƙa kutsowa ya haura wat 70 dare da rana. Ƙaramin kwampreso, wato injin firiza da ke matsa gas, mai aiki da folt 12 ba zai iya kwashe wannan ba ko da bai tsaya ba ko sau ɗaya. Zuba ruwa a kwando ne.

Sai na juya lissafin. In na bar bangon waje yadda yake, na cika soso daga ciki har kaurinsa ya kai kimanin santimita 12, abin da zai rage shi ne rami mai santimita 40 da 35 da 40, wato lita 56. Yoyon zai sauko zuwa wat 15 ko 17. A yini guda, wato awa 24, wannan ya kama wat-awa 400. A irin sanyin da firiza ke aiki, kusan duk wat ɗaya na zafi da aka fitar yana cin wat ɗaya na lantarki, saboda haka a batir mai folt 12 abin ya kai amfiya-awa 30 da ɗoriya, wato ma'aunin wutar da ake ci daga batir. In aka haɗa da buɗe murfi, da fanka, da abincin da za a sa da ɗumi, na rubuta 45 na ja layi a ƙarƙashi.

Da na nuna wa maiɗakina takardar, ta daɗe tana kallon 160 da 56. Ta ce, "Maigida, kashi biyu cikin uku fa za ka cinye da soso." Na ce haka ne. Ta ce to a yi, amma ita za ta riƙe littafin awo, don ta ga ko 45 ɗin gaskiya ce.

11 ga Maris

Na fasa tsohon akwatin gaba ɗaya. Buhu huɗu na jiƙaƙƙen soso muka fitar. Katakon da ke ƙarƙashinsa ya yi laushi a kusurwa ɗaya, sai da na yanke na dasa sabo. Na bar fanka tana hura wurin, zai yi kwana huɗu ko biyar kafin ya bushe.

19 ga Maris

Aikin soso. A nan zan daɗe, domin a nan ne duk abin yake.

Na zaɓi allunan soso mai tauri, irin wanda ƙwayoyinsa a rufe suke, ba ya shan ruwa. Akwai wanda ya ɗan fi shi tare zafi yana sabo, amma abin da na gani ranar 3 ga wata ya sa na fifita wanda zai shekara goma a cikin laima bai canza ba. Akwai kuma allunan da aka zuƙe iskar cikinsu, masu tare zafi ninki-ninki a ɗan siririn kauri, sai dai ba a yanka su, kuma ƙusa ɗaya ta huda su sun tashi aiki. A wurin da babu kusurwa ɗaya da ta miƙe daidai, ban ga yadda zan yi da su ba.

Ban raba kaurin daidai ba. Gefen da ke jingine da jikin jirgi na ba shi santimita 15, domin rana tana dukan wannan gefen, da azahar in ka ɗora tafin hannu daga ciki sai ka ji kamar bangon tanda. Ƙasa ma 15. Sauran gefuna 10, murfi 10. Tsakanin jikin jirgi da soso na shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli, na bar ɗan sarari na iska, don ta mayar da zafin da ke haskowa.

Abin da ya kashe tsohon akwatin ba ruwan teku ba ne, tururin da ke cikin iska ne. Laima kullum tana neman hanya daga wurin ɗumi zuwa wurin sanyi, in ta shiga soso ta tarar da sanyi sai ta koma ruwa, ta zauna. Shi ya sa shingen da zai tare ta yake zama a waje, ta ɓangaren ɗumi, ba a ciki ba. Na naɗe dukkan soson daga waje da leda mai kauri, na bi kowace gaɓa da tef, har inda hannuna ba ya kaiwa sai da na ɗaura tef ɗin a kan sanda.

Allunan santimita 5 ne kowane, don haka hawa biyu ko uku na jera, kuma na tabbatar gaɓar hawa ɗaya ba ta faɗa kan gaɓar na bayansa ba, kamar yadda magini ke jera bulo. Ƙananan ramukan da suka rage na cika su da kumfar gwangwani kaɗan-kaɗan. Kumfar nan tana kumbura da ƙarfi, in aka ɗura da yawa a rufaffen wuri tana iya ture bangon katako.

Ramin tsiyayar ruwa da ke gindin tsohon akwatin na toshe shi har abada. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, rami a ƙasa ƙofa ce da za ta riƙa zurarewa ta ciki dare da rana. Saboda wannan dalilin ne ma murfin yake a sama. Firiza mai ƙofa a gefe, duk buɗewa sai sanyin ya zubo maka a ƙafa, kuma in jirgi ya karkata, kayan ciki su biyo shi.

27 ga Maris

Bangon ciki ya kammala: siririn katako, faiba da gam ɗin efoksi hawa biyu, farin fenti a kai. Kusurwoyin na zagaye su don su yi sauƙin gogewa. Murfin na yi masa matakala biyu, kowace da robarta.

Na gwada akwatin tun kafin inji ya zo. Na sa ƙanƙara kilo 5, na rufe, bayan awa 24 na auna abin da ya narke. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan kilojul 334 kafin ya koma ruwa, wato kusan wat-awa 93. Abin da ya narke ya ɗan haura kilo biyu, cikin jirgi kuma yana wajen digiri 27 a tsakaice. In aka mayar da wannan zuwa tazarar digiri 48, ya faɗa kusa da abin da na lissafa a takarda. Na yi barci mai daɗi.

4 ga Afrilu

Injin ya iso. Kwampreso ne samfurin BD35F, wanda aka daɗe da sani da sunan Danfoss, yanzu kuma ake ƙera shi da sunan Secop. Yana aiki da folt 12 ko 24, gas ɗinsa R134a, kuma an yi shi ya jure karkatar jirgi har digiri 30. Ya zo a kan faranti ɗaya da kondensa, inda gas ke zubar da zafi, da fanka, sai farantin sanyi da ke zama cikin akwati daban da bututunsa, kowane ɓangare cike da gas ɗinsa tun daga masana'anta.

Na yi ta kai-kawo tsakanin hanyoyi uku na zubar da zafin. Akwai mai famfo da ke jawo ruwan teku, wanda ya fi ƙarfi a wurare masu zafi, amma famfon yana cin wuta, matatarsa tana toshewa da ciyawar ruwa. Akwai wanda ake huda ƙasan jirgi a liƙa ƙarfe a waje, ruwa ya riƙa sanyaya shi ba famfo ba fanka. Wannan ya burge ni ƙwarai, sai dai sabon rami ne a ƙarƙashin ruwa, kuma ba ya aiki yadda ya kamata in an ɗaga jirgi kan tudu. Na tsaya a kan mai fanka. Akwatin ƙarami ne, sosonsa mai kauri, kuma duk abin da ya lalace a cikinsa zan iya gyarawa a tsakiyar teku.

Na ajiye shi a tsaye ya kwana, don man cikinsa ya koma mazauninsa bayan jijjigar hanya.

8 ga Afrilu

Lanƙwasa farantin sanyi shi ne aikin da ya fi tsinka mini zuciya. Alminiyam ne siriri, hanyoyin gas suna bi ta cikinsa kamar jijiyoyin ganye, in ya karye ko ya tsage shi ke nan. Na ɗaure bututun roba mai faɗi a kan teburi, na kwantar da farantin a kai daidai inda aka yarda a lanƙwasa, maiɗakina ta danne gefe ɗaya, ni kuma na riƙa tausa ɗayan da tafin hannu biyu a hankali, ina jin yadda ƙarfen ke bi. Lanƙwasa biyu, ya zagaye bango uku na akwatin. Na ɗaura shi can sama, da 'yar tazara tsakaninsa da bango don iska ta zagaya ta baya.

Kwampreson ya zauna a ƙarƙashin kujerar zama, nesa da ɗakin inji. Bututun ya fi tazarar tsawo, ban yanke ba, na naɗe ragowar a kwance. Wurin haɗa bututun biyu sai da sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, kuma ba a tsayawa a tsakiya. Na ji ɗan "fis" na daƙiƙa guda, sannan shiru. Na shafa ruwan sabulu a gaɓoɓin, babu kumfa ko ɗaya. Ramin da bututun ya ratsa ta bangon akwati na cushe shi da soso, na like ciki da waje.

10 ga Afrilu

Mun kunna. Cikin minti goma farantin ya fara fari daga inda gas ke shiga, farin yana tafiya a hankali har ya kai ƙarshe. Maiɗakina ta ɗora yatsa, ya ɗan manne. Da magariba ma'auni yana nuna 12 ƙasa da sifili.

12 ga Afrilu

Da asuba na farka na ji wani sauti: fanka ta tashi, kwampreso ya yi ƙoƙarin juyawa, ya tsaya, bayan kamar minti ɗaya ya sake. Akwatin ya hau zuwa 6 ƙasa da sifili.

Na'urar da ke sarrafa kwampreson tana da wurin jona ƙaramin ƙwan fitila, kuma da yawan ƙiftawarsa take faɗin abin da ke damunta. Ɗaya, wuta ta yi ƙasa. Biyu, fanka tana jan wuta fiye da kima. Uku, injin ya kasa tashi. Huɗu, ya kasa riƙe gudunsa. Biyar, na'urar ta yi zafi. Na jona ƙwan, ya ƙifta sau ɗaya, ya huta, ya sake ƙiftawa sau ɗaya.

Amma batir yana nuna folt 12.3. Na tsaya ina kallon mita, abin ya ɗaure mini kai. Wani dattijo da jirginsa ke ɗaure kusa da namu ya leƙo ya ga na baje kaya. Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, a ina ka auna?" Na ce a kan batir, Baba. Ya ce, "Je ka auna a bakin injin, kuma ka jira lokacin da zai tashi."

Na ɗora wayoyin mita a bakin na'urar. Tana zaune, 12.2. Da kwampreso ya yunƙura, lambar ta faɗi ƙasa da 10.4 na ɗan ƙiftawar ido, kuma 10.4 ita ce iyakar da na'urar ke yanke wuta don ta kare batir. Laifin wayata ne. Na ɗauko wutar daga tsohon allon makunnai, ta waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, tafiyar mita 6, ta ratsa makunni da gaɓoɓi uku da suka yi kore da tsatsa. Takardar injin ta faɗa a fili, ni ne ban ba ta muhimmanci ba: a folt 12, waya mai 2.5 ba ta wuce mita 2.5, mai 4 mita 4, mai 6 mita 6, mai 10 mita 10.

Na ja sabuwar waya mai 6, irin ta jirgi wadda aka yi wa silin tagullarta rufin kuza don kada gishiri ya ci ta, kai tsaye daga batir, da fis mai amfiya 15 dab da batir ɗin. Yanzu in ya tashi ba ya sauka ƙasa da 11.8. Na kai wa dattijon godiya, ya ce in kawo masa ƙanƙara ta farko.

20 ga Afrilu

Mako guda na awo, daga littafin maiɗakina: tsakanin amfiya-awa 58 da 63 a yini. Na rubuta 45.

Na fara zargin soso, amma gwajin ƙanƙara ya riga ya wanke shi. Da na ɗaga katifar kujera na cusa hannu inda kwampreson yake, sai na ji wurin kamar an buɗe tukunya. Ma'auni ya nuna digiri 43. Fankar tana hura zafi, zafin ba shi da mafita, ya zagayo ta sake shaƙarsa. Duk yadda kondensa ta ƙara zafi, haka kwampreso ke ƙara wahala wajen tura gas, ya ci wuta da yawa ya kwashe zafi kaɗan.

Na huda rami ƙasa, ta inda iska mai sanyi ke tasowa daga gindin jirgi, na jawo ta da bututu mai faɗi har bakin kondensa, na like gefuna don kada fanka ta sami wata iskar sai wannan. Na buɗe wani ramin a sama ta ɗaya gefen, na sa masa raga. Wurin ya sauko zuwa 33.

Na kuma gwada robar murfi da takarda: a sa takarda a rufe, a ja. Gefe uku sun riƙe ta gam, ta gefen maratayi kuwa ta zare ba gardama, kuma daidai nan ne ƙanƙara ta fi taruwa a kan faranti. Na ɗaga robar da siririn abu a ƙarƙashi. Bututun da ke dawo da gas ma yana gumi yana ɗiga, na sa masa rigar soso har zuwa kusa da injin.

29 ga Afrilu

44, 47, 43, 46, 45. Maiɗakina ta zagaye lambobin da jan biro, ta ajiye mini littafin a buɗe a kan teburi.

Akwai abu guda da ya taimaka bayan iska. Gudun kwampreson yana canzawa daga juyi 2,000 zuwa 3,500 a minti, gwargwadon rezistar da aka sa a layin tamostat, makunnin da ke kunna shi ya kashe gwargwadon sanyi: in babu komai 2,000, mai om 277 tana ba da 2,500, mai 692 tana ba da 3,000, mai 1,523 tana ba da 3,500. Ya zo a kan mafi sauri. A hankali na gane cewa gudu kaɗan na dogon lokaci ya fi gudu da yawa na ɗan lokaci arahar wuta. Na mayar da shi 2,500. Yanzu yana jan kusan amfiya 3 har da fanka, yana aiki minti 35 zuwa 40 a kowace awa. Na sa ɗan makunni a gefe da zai mayar da shi 3,500 duk lokacin da injin jirgi ke aiki kuma wuta ta wadata.

7 ga Mayu

Yanzu sai maganar inda wutar za ta fito, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin firiza, in muna kan anka, fitilu da famfon ruwa da rediyo da cajin wayoyi suna cin wajen amfiya-awa 35. Yanzu 80 ke nan. Batiranmu biyu ne na dalma, 110 kowane, 220 a haɗe, amma batirin dalma in ana yawan sauke shi ƙasa da rabi ba ya daɗewa, don haka 110 ne namu na gaskiya. Farantin sola ɗaya da muke da shi, mai wat 100, yana ba da 25 zuwa 30 a rana mai kyau. Gibin a fili yake.

Na yi tunanin batirin litiyam. Ana cin kusan dukkan abin da ke cikinsa, yana shan caji da sauri, ba shi da nauyi. Amma ba ɗauke wannan a sa wancan ba ne: sai da na'urar da ke tsaron ƙwayoyinsa, sai an sa abin da zai kare altaneta, wato janaretar injin jirgi da ke cajin batir, don kada ya zuƙe ta har ta ƙone, kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai sifili. Ban da haka, matsalata ba rumbu ba ce, noma ce. Ƙaton batir ba ya haifar da wuta, ajiye ta kawai yake yi. Na bar litiyam sai waɗannan sun tsufa.

Abin da na fara sawa shi ne mitar batir ta gaske, wadda duk wutar da ta shiga ko ta fita sai ta ratsa ta, tana ƙirgawa. Kallon folt kaɗai yaudara ne in akwai abin da ke jan wuta ko ake caji.

16 ga Mayu

Sababbin farantan sola biyu, wat 100 kowane, sun hau kan ƙarfen da na gina a bayan jirgi. Jimla 300. Inuwa ce babbar abokiyar gaba a jirgi mai filafilai: jigo, igiyoyi, sandar filafili, kowanne yana jefa tasa, kuma jirgi a kan anka juyawa yake yi da iska. Na gani da idona, inuwar sanda ɗaya da ta ratsa kusurwar faranti ta zubar da fiye da rabin abin da yake bayarwa. Saboda haka ban jera su a layi ɗaya ba, na haɗa su kafaɗa da kafaɗa yadda inuwar ɗaya ba za ta ja ɗayan ƙasa ba, na ba su na'urar caji tasu irin ta MPPT, mai tatso iyakar wutar da faranti zai iya bayarwa, tsohon farantin kuma ya zauna da tasa.

Rana ta farko cikakkiya: amfiya-awa 84 suka shiga, 79 suka fita.

25 ga Mayu

Kwana shida a kan anka, ba mu jona wutar tudu ba. Huɗu daga ciki rana ta fito sosai, batir ya cika kafin la'asar. Biyu hadari ya rufe, sola ta ba da 30 da 26, sai da na tayar da injin jirgi awa ɗaya da rabi kowace safiya. Altanetar an rubuta mata amfiya 60, amma da ta yi zafi, kuma batir ya fara cika, 30 take bayarwa, daga baya ma ƙasa da haka. Da safe ya fi dacewa a tayar da inji, lokacin da batir ke da yunwa yana karɓa da yawa, a bar wa rana ta ƙarasa sauran a hankali.

Mun kuma fara wata dabara. Da tsakar rana in batir ya kusa cika, wutar sola tana zuba a banza, sai mu sauke tamostat zuwa 22 ƙasa da sifili, da dare mu mayar 18. Kayan ciki suna riƙe sanyin, kwampreso ya sami hutu a farkon dare. Na ɗauka kwalaben ruwa daskararru za su ƙara wannan ajiya sosai, ashe kaɗan ne, domin babban ƙarfin ƙanƙara yana wurin narkewarta, ita kuwa sai a sifili take narkewa, lokacin nama ya riga ya saki. Ruwan gishiri mai kashi 23 cikin ɗari yana daskarewa ne a wajen 21 ƙasa da sifili, shi ne ya dace da firiza. Na haɗa kwalba biyu. Wadda ta jingina da farantin sanyi ta daskare, wadda ke tsakiyar akwati ta tsaya kamar kunu. Na mayar da su duka jikin faranti.

2 ga Yuni

Jiya muka kama babban kifi a kan hanya, bayan gyara ya ba da tsoka kilo 3. Muka ci na ci, muka sa sauran a firiza, kuma a nan na ga bambancin riƙe sanyi da daskarar da sabon abu. Lita ɗaya ta ruwa, daga digiri 25 har ta zama ƙanƙara mai 18 ƙasa da sifili, sai an cire mata zafi kusan wat-awa 130, wato amfiya-awa 10 daga batir. Tsokar kifi kuwa yawancinta ruwa ce. Kwampreso bai tsaya ba tun la'asar har hantsin yau, kuma littafi ya nuna 71.

Mun yanka shi sirara, mun sa a leda mun matse iskar, mun manna kowane yanki a jikin faranti, ba mu tara su a kan abin da ya riga ya daskare ba. Na danna makunnin 3,500 muddin injin jirgi na aiki. Nan gaba in za a sa sabon abu, da safe za a sa, rana tana gaba.

A tafiyar ma na lura matuƙin lantarki da na'urorin hanya suna ƙara wajen 40 a kan abin da muke ci a kan anka, filafilai kuma suna rufe sola rabin yini. Doguwar tafiya za ta buƙaci inji awa ɗaya kullum, ko mu riƙa karɓar tuƙi da hannu da rana.

14 ga Yuni

Ƙanƙara ta taru a kan faranti ta kai kaurin rabin santimita, kuma awo ya fara hawa zuwa 50. Mun kwashe kaya cikin jaka mai soso muka lulluɓe da bargo, muka kashe kwampreso, muka sa kwanon ruwan ɗumi a ciki. Ba wuƙa, ba cokali, don kaifi ɗaya ya isa ya huda hanyar gas. Minti 40 komai ya zube, na tsane ruwan da tsumma tunda babu ramin tsiyaya, na goge ƙurar da ta fara kama kondensa da burushi.

Maiɗakina ta zana taswirar akwatin ta liƙa a bango, abin da ke ƙasa da abin da ke sama, don kada a buɗe murfi a tsaya lalube. Ta kuma ɗinka 'yar katifar soso da ke kwanciya a kan kaya daga ciki, ƙarƙashin murfi. Awon kwana uku bayan wankewa: 42, 41, 43.

Dattijon nan zai tashi da jirginsa jibi. Na cika masa roba biyu da ruwa tun jiya da safe, suna jingine da faranti, gobe zan kai masa. Abin da ya rage a jerin aiki shi ne fanka ta ajiya, da fis biyu, da robar murfi ta canji, sai in ɗaure wayar ma'aunin da ke lilo a bayan kujera.